Gawo Bakwai da Harshen Kaka

Ranar Laraba da ta wuce, cikin keke mai ƙafa uku daga tashar Boɗinga, wata mata da ke gefena ta kwance ƙullin takarda ta fara cin kilishi. Ja ne jawur kamar an shafa masa jan-baki, ƙamshin yajinsa kuma ya cika keken har direba ya yi atishawa sau uku. Ta miƙo mini, na ce ina azumi. Ƙarya nake yi. Ban jima da gamawa da ƙosai biyar ba, man ma yana nan a leɓena, kuma ta gani. Ta dube ni, ta dubi leɓen, ta janye takardarta.

Shekara bakwai ke nan ban sa kilishi a bakina ba. A gidanmu an ɗauka iyayi ne. Ni ce jikar barunje, wato mahauci kamar yadda muke faɗa a nan, don haka ƙin nama a wurina abin dariya ne.

Bari in gaya maka tun yanzu, kai mai karatu: shekarata goma sha bakwai, kuma in ka tambayi mutanen gidanmu za su ce maka rabin abin da nake faɗa ƙari ne, sauran rabin kuma sai an tankaɗe. Ba su yi mini ƙazafi ba. Ni ce na taɓa cewa na ga kada a rijiyar gonarmu, har maza huɗu suka tafi da sanduna suka tarar da ƙadangare. Amma wannan labarin ban ƙara masa gishiri ba, sai inda hali ya rinjaye ni.

Ƙauyenmu yana tsakanin Boɗinga da Shagari, ka sauka daga kwalta ka yi 'yar tafiya. Kakana, mahaifin babana, yana da gona bayan gari mai itatuwan gawo bakwai. Manya ne ƙwarai. Babban cikinsu, na gefen rijiya, mu yara shida muka taɓa kama hannu muka kasa zagaye shi. In ban manta ba mu huɗu ne, amma dai mun kasa. Gawo itace ne mai taurin kai irin na Kaka. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, gero ya tashi ƙarƙashinsa har ya fi na ko'ina tsawo. Da rani kuma, in duniya ta bushe, sai ya yi kore shar, ya riƙa zubo 'ya'yansa, lanƙwasassu masu launin ƙasa-ƙasa, masu ƙara in iska ta gungura su.

Kowace shekara bayan an cire amfanin gona, Kaka yakan sayo bijimi ɗaya ramamme, irin wanda za ka iya rataye riga a ƙashin bayansa. Ba ya ɗaure shi. Sakinsa yake yi cikin gonar, ya yini yana yawo daga wannan gawo zuwa wancan yana tsintar abin da ya faɗo, ya sha ruwan rijiya, ya kwanta inda ya ga dama. Ba dusa, ba ƙwayar magani, ba kowa. Wata uku zuwa huɗu sai ka ga dabba ta cika ta yi sheƙi, tana tafiya kamar matar mai kuɗi. Sai bazara ta kama sosai, ranar da rana ke iya gasa ƙwai a kan dakali, sannan Kaka zai wasa wuƙarsa.

Ba irin wannan jan kilishin na tasha yake yi ba. Rumuzu yake yi, wanda ba a tsoma shi cikin labu, wato kwaɓin ƙuli-ƙuli da kayan yaji. Gishiri kawai da ɗan man gyaɗa. Yakan ce labu mayafin mummunan nama ne. Zai zauna kan buzu, ya ɗora tsoka a kan ɗan katako, ya riƙa warware ta da wuƙa a hankali kamar mai warware rawani, har ta zama shimfiɗa guda, siririya, kana iya hango ɗan'uwanka ta cikinta. A baza kan gadon kara a rana. Ƙudaje su taru su yi zanga-zanga, mu kuma mu kore su da reshen darbejiya. In ya bushe a nuna masa garwashi kaɗan, a jera cikin kwando. Kitsensa ba fari ba ne, rawaya-rawaya ne, kuma yana narkewa a harshe da wani zaƙi na can ƙasa wanda ban san da me zan kwatanta maka shi ba. Mutane kan zo tun daga Sakkwato saboda kwandon nan guda. Wani alhaji ma, na rantse, kuka ya yi a zaurenmu da aka ce masa ya ƙare. To, ƙila hayaƙi ne ya shiga idonsa.

Ni da Kaka kuwa, ka san yadda jika da kaka suke. Shi ne angona, ni ce amaryarsa. Kullum da safe sai ya tambayi ko na dafa masa abinci ko yau ma yunwa zan kashe shi da ita, ni kuma in ce sai ya fara yin haƙora tukuna. Na sa masa tsakuwa a takalmi. Na zuba masa gishiri a fura ya shanye tas, ya ce bai taɓa shan mai daɗinta ba, don kawai kada in ji daɗi. Da idanunsa suka fara yin yana, har ya zamana inuwar mutum kawai yake gani, sai wasan ya ƙara mini armashi. Ina iya tsayawa gabansa in canja murya in ce ni ce matar hakimi. Sai ya russuna ya yi gaisuwa mai tsawo, ranki ya daɗe, Allah ya ja zamaninki, sannan ya kai hannu ya kama kunnena. Ba wanda ya isa ya tsawata mini a kan wannan. Wasan namu ne, gadonmu ne.

Sai Bappa, yayan babana, ya dawo daga birni da zama, ya zo da maganar tarakta.

Bappa ba mugu ba ne, kada ka ɗauka haka. Mutum ne mai sauri, wanda ko sallama yake yi kamar ana jiransa a wani wuri. Ya ce gonar nan babba ce, amma itatuwan sun hana a yi mata noman zamani. Ya ce saiwarsu za ta karya garmar tarakta, tsuntsaye na kwana a kansu suna cin gero, makiyaya na shigowa saboda su. A sare su a huta. Babana bai ce a sare ba, bai ce a bari ba. Babana mutum ne da in ana musu sai ya tuna bai duba akuyarsa ba.

Gonar ta Kaka ce, kuma yana da rai, don haka ba mai taɓa ko reshe sai da bakinsa. Aka yi wata biyu ana ja. Rannan a ƙofar gida, gaban mutane, Bappa ya ce duk wannan rigima a kan bijimi ɗaya ce, alhali nama nama ne, gishiri ke ba shi daɗi, sunan Kaka kawai mutane ke saye. Ya ce da za a kawo na kasuwa wanda aka turke aka ɗura wa dusa, ba mai iya bambancewa, har shi mai yin.

Ina wurin, ina cin rake. Na ga jijiyar wuyan Kaka ta tashi.

"Ku kawo nama biyu," in ji shi. "Na gonata da na kasuwarku. In harshena ya kasa, ku sare su dut."

Tsofaffin da ke wurin suka yi ta ba shi baki, suka ce a bar maganar, zafin rai ne. Ya ce ya faɗa, kuma shi bai taɓa lashe abin da ya tofar ba tun yana saurayi.

Aka shirya abin kamar shari'a. Malamin makarantarmu, baƙo ne da aka turo daga wani gari, ba ruwansa da kowa, shi aka sa alƙali. Aka yanka bijimin gona, Bappa ya sayo cinyar wani turkakken sa a kasuwar Shagari, aka ba wani barunje na can ya yanyanka duka biyun ya shanya, don hannu ya zama ɗaya. Ranar da aka sa, malam da kansa ya zuba na gawo a faifai mai jan baki, na kasuwa a farin faifai, ya rufe su, ya ajiye a ɗakin kakata mace. Bayan la'asar maza suka cika zaure. Aka ce a aiko yarinya ta kawo.

Yarinyar ni ce.

A safiyar ranar, gaban ƙawayena uku, Kaka ya ce hancina ya baje har in an yi ruwa kwaɗi na iya yin wanka a kansa. Suka yi dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa. Tun safe nake neman abin da zan rama da shi. To ga ni a lungun da ke tsakanin cikin gida da zaure, faifai biyu a hannu, ba kowa. Na durƙusa, na buɗe, na juye na ja cikin fari, na fari cikin ja. Ko minti ɗaya ban yi ba. Har na lashi yatsuna.

Na san abin da aka sa a kan wannan nama. Ba zan ce maka ban sani ba. Amma a kaina na riga na tsara komai: zai zaɓa, a ce ya faɗi, fuskarsa ta yi yamutse, sai in yi tsalle in shigo in ce ni ce, amarya ta ci ango. Kowa ya yi dariya, a sake zubawa. Haka na gani a kaina, har da tafi.

Na ajiye faifan biyu gabansa na koma bakin ƙofa na tsaya.

Kaka ya yi bismilla. Ya lalubo na ja, ya yagi kaɗan, ya shinshina, ya ɗora a harshe. Ba ya tauna, tsotsa yake yi, idanunsa a sama. Ya kurkure baki da ruwa. Ya lalubo na fari. Wannan ko shinshinawa bai gama ba sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya sa a baki duk da haka, ya daɗe da shi, kamar mai sauraron wata magana daga nesa. Sannan ya dafa farin faifan da tafin hannunsa.

"Wanga na. Wanga ya ci gawon gonata."

Malam ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa. Daga baya ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, a yi haƙuri Baba, mai jan baki shi ne na gawo.

Bappa bai yi ihu ba. Ɗan murmushi ya yi, ya buɗe hannuwansa ga jama'a, shi ke nan. Wani daga baya ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Kaka ya sake yagar na farin ya ɗanɗana. Ya sake na jan. Ya tambayi malam ko da hannunsa ya zuba, malam ya ce da hannunsa. Ya tambayi wa ya ɗauko daga cikin gida. Aka ce jikarka.

Ga lokacina ya zo. Nan ne zan yi tsallen. Amma ba wanda ke cikin yanayin dariya a zauren nan. Na ga fuskokin dattawa, na ga liman, na ga Bappa ya juyo yana dubana da idon nan nasa, na tuna dorinar da ke rataye a ɗakinsa. Bakin nan nawa da ba ya rufuwa ko ina barci, ya rufe.

Kaka ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa. Ba ya ganina, na sani, inuwa kawai yake gani. Amma ya daɗe yana kallon inuwar. Jira yake yi. Ya ba ni lokacin da za a iya karanta Fatiha sau uku. Sannan ya janye hannunsa daga kan faifan ya goge a rigarsa.

"To," ya ce. "Harshe ya tsufa. Ku sare."

Kafin magariba ya aika a kira ni in kawo masa ruwan alwala. Yana zaune shi kaɗai bayan ɗakinsa. Da na ajiye butar sai ya kama wuyan hannuna, ya kai yatsuna hancinsa. Man gyaɗa da gishiri. Ko wankewa ban yi ba.

"Amarya, yau kin ci ni."

Na fashe da kuka, na ce zan je in faɗa musu yanzu. Ya ce in zauna. Ya ce lokacin faɗa shi ne ɗazu, a zaure, da bakina, ba tare da an tambaye ni ba. Yanzu in na faɗa, Bappa zai fasa mini baya, sannan gari ya ce tsoho ya faɗi ya laɓe bayan 'yar yarinya. Ya ce shi kuma ba zai kai ƙarar jikarsa gaban maza ba, ba a yin haka, ko gonar duka za a ɗauke.

"Tahi ki wanke hannunki," ya ce.

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Da ma ya sa an ɗauko dorinar. Abin da ya yi shi ne, daga ranar bai sake kirana amarya ba. Sunana na yanka ya koma kira, cikakke, da ladabi, kamar yadda ake kiran baƙuwa. In na gaishe shi ya amsa, ya tambayi makaranta, ya sa mini albarka. Na sa masa tsakuwa a takalmi sau ɗaya don in gani. Ya zazzage ta, ya sa takalminsa, ya tafi masallaci.

Bayan mako biyu masu injin yankan itace suka zo daga Shagari, su uku a kan babur ɗaya. Tun daga gida ake jin kukan injin. Kaka yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana jan carbi, kuma duk sanda injin ya yi shiru sai yatsunsa su tsaya, sai an ji faɗuwar sannan su ci gaba. Na kasa zama. Na ruga gona ba takalmi, ƙasa tana ƙona ni. Na tarar an kayar da biyu, an kewaye na gefen rijiya. Na tsaya gaban Bappa, gaban babana, gaban malam da ya zo kallo, na faɗi komai. Lungun, faifan, yadda na juye, har lasar yatsun. Na ce a doke ni. Na ce Kaka daidai ya zaɓa.

Bappa ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya yi dariya, dariyar gaske, har da riƙe ciki.

"Ku ji mai kadan rijiya," ya ce wa masu injin. "Mijinta take son ta ceta. Ɗiyar ga, in ta ce maka rana ta fito, leƙa ka gani."

Suka yi dariya su ma. Na rantse da Allah, suka ƙara dariya, don sun san na saba rantsuwa a kan ƙadangare. Na juya wurin babana. Ya ce in koma gida, rana ta yi zafi. Malam ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, ina jin ya yarda. Amma shi baƙo ne, kuma shi ya yanke hukuncin da bakinsa. Ya kau da kai. Aka ja igiyar injin.

Ko dukan da na je nema ban samu ba.

Kwana uku suka yi. Gonar ta koma fili fetal, kana tsaye a bakinta kana hango motocin kwalta. Labari kuma ya bazu har Boɗinga cewa tsohon nan mai rumuzu ashe bai san namansa ba, shekara da shekaru suna kawai yake sayarwa. Wannan ya fi saran ciwo, ina tsammani. Kaka bai sake sayen bijimi ba. Wuƙarsa ya naɗe a tsumma ya ba barunjen Shagari. Damina biyu ya ƙara, ya rasu cikin ta ukun, da rana tsaka, lafiya lau ana hira. Allah ya jiƙansa. Har ya tafi sunan yankan yake kira.

Taraktar ta zo, kada in yi mata ƙarya. Shekara biyu ta zo, ta uku aka ce tana wani gari, ta huɗu aka ce ta lalace. Yanzu da shanun haya ake huɗa, suna kewaye kututture bakwai da ba wanda ya iya tonewa. Geron da a da yake tashi ya fi mutum, yanzu sai an bi shi da takin zamani yana yi maka yanga. Mai noma in ya gaji sai ya tsuguna a inuwar amalanke. Yaran gidanmu da aka haifa bayan nan ba su san an taɓa yin rumuzu a tsakar gidan ba. Su kilishi ja ne, a leda yake zuwa, kuma in bai sa ka hawaye ba ba su yarda kilishi ne ba.

Bana Bappa ya turke rago don layya. Makon jiya ya dawo daga kasuwar Shagari da buhu a bayan babur, ya sauke a ƙofar gida, ya kwance. 'Ya'yan gawo ne, matan ƙauyen Mandera ke tsintowa su kawo. Maƙwabcinmu ya tambaye shi mene ne na wahalar, ga dusa a gari. Bappa ya ɗebo da hannu yana nuna masa, ya ce ai ba a haɗa su, dabbar da ta ci wannan namanta daban ne, har kitsen launinsa daban.

"Mutanen da sun san abinsu," in ji shi.

Babana yana zaune a wurin. Ya tashi ya ce bari ya duba akuyarsa.

Ni kuwa ina tsaye da tsintsiya. Ina da magana, wallahi ina da ita, ta cika mini baki har tana ɗaci. Amma na riga na faɗe ta sau ɗaya, a ranar da amfaninta ya rage saura kaɗan, aka yi dariya. Bappa ya ce in tattara waɗanda suka zube in kai wa ragon, kada a tattake, da tsada ya sayo su.

Na tattara na kai masa. Ya ci har yana lumshe ido.